Littattafan Malam Suna Cikin Rumbu

Zuwa ga Malam Mati, mai amsa wasiƙun masu damuwa.

Allah gafarta Malam, ka taimake ni, don girman Allah ka taimake ni da shawara, domin na yi wani aiki da hannuna, ga shi yanzu wani bawan Allah na shirin shiga gidan yari a kansa. Ka gafarce ni da ban tsaya doguwar gaisuwa ba. Raina a ɓace yake, kuma falken da zai kai maka takardar nan ya riga ya ɗaure fatunsa, ya ce ba zai jira ni in tsara magana ba. Takardarku ta labarai takan zo mana nan Gumel cikin kayan fatake. Mahaifina kan sa a karanta masa amsoshinka, wani lokaci ya gyaɗa kai, wani lokaci ya ce ka cika sauri. Da yana raye da ban rubuto maka ba.

Mahaifina shi ne Malam Hussaini, mai zauren karatu na unguwarmu. Ba makarantar allo ta yara nake nufi ba. Makarantar ilimi ce, ta magidanta masu gemu, waɗanda ke baro Damagaram da Haɗeja da Kazaure da yammacin Barno su zo su zauna shekara biyar, shekara goma, suna ɗaukar fiƙihu da nahawu da tafsiri da hisabi. Shekara arba'in da biyu yana kan buzun nan. Wani alhaji da ya dawo ta Masar ya taɓa ba mu labarin wata makaranta a can da suke kira jami'a, wai birni guda ne ke cin albarkacinta. Malam ya yi dariya ya ce tamu zaure uku ce da tsamiya ɗaya. To, zaure uku ne, amma wallahi ga mutanen garin nan ita ce jami'ar.

Bari in faɗa maka abin da suka ci a jikinta, tunda yau sun manta. Babu gadon da aka raba a garin nan ba a zo zaurenmu ba. Babu wasiƙar da aka aika Kano ko Zinder ba ɗalibinmu ne ya rubuta ba. Idan rigimar shanu ta tashi a Maigatari tsakanin mutanenmu da na ƙasar Faransa, mutum biyu ake ara daga zaure su je su raba. Da Nasara suka zo suna neman masu rubutu, a ƙofarmu suka tsaya. Masu fura da masu ƙosai a gindin tsamiyarmu suka aurar da 'ya'yansu. Kyauta baduku, da ɗinkin gafaka, wato jakar fatar da ake sa littafi, ya gina soro har da azara. Gidaje nawa ne suka sami surukai masu karatu ba tare da sun taka ko nan da can ba? Mutumin unguwarmu in ya sauka Kano ya ce daga maƙwabtan Malam Hussaini yake, masauki yake samu da tuwo har da man shanu. Suna faɗa da bakinsu, suna hura hanci, wai su ne garin malamai.

Kada in ci haƙƙinsu, su ma suna yin nasu. Ɗalibanmu ba sa bara. Al'adar ita ce kowane gida a unguwar yana da ɗalibinsa, ana aika masa akushin tuwo kullum da yamma, ana kiransa ɗan gida. In kaka ta yi kuma kowace gona takan kawo dami ɗaya a zuba a rumbun zaure, domin kunun safe da baƙi. Ni ce mai riƙe da rumbun nan. Mijina ɗalibin Malam ne, ya rasu shekarar annobar mura, na dawo gidanmu ba ɗa ba jika, na kama tukunya. Karatu kuwa tun ina ƙarama nake satarsa ta bayan zanar da ta raba cikin gida da zaure. Da idon Malam ya yi rauni, ni yake kira in karanta masa abin da shi da kansa ya rubuta da jar tawada a gefen littattafansa, don ya ce idona ya fi na kowa sanin hannunsa.

Malam ya rasu farkon azumin nan. Mu huɗu ya bari: Yaya Barau, mai fataucin dabbobi a Maigatari, sai ni, sai Manu mai rubuta wa hakimi a Gagarawa, sai autarmu Talatu da ke aure a Sule Tankarkar. Gona da gida da jakai an raba lafiya lau, ko ƙwanƙwasa ba a ji ba. Da aka zo kan littattafai, nan Shaiɗan ya shimfiɗa tabarmarsa.

Manya guda goma sha biyu ne, duk rubutun hannu, waɗansu na kakanmu, kuma babu fallen da Malam bai cika gefensa da bayani ba. Kowa ya ce yana son albarkar hannun ubansa a ɗakinsa. Kowa kuma babban littafin fiƙihun yake so. Na ce a kira malami ya raba. Ƙanen mahaifinmu, Baffa Ɗanjuma, wanda iyakar saninsa garma da lauje, ya ce abin kunya ne gidan da ke raba wa gari gado ya kira bare ya raba masa nasa. Yaya Barau ya ce Baffa ya yi gaskiya. Ka san littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, fallaye ne a jere tsakanin fata biyu, a ɗaure a sa a gafaka. Sai Baffa ya ga ai abin ya zo da sauƙi. Wai a kwance kowane littafi a raba shi falle-falle, namiji damƙa biyu, mace damƙa ɗaya, a yi ta zagayawa har ya ƙare, kowa ya sami rabonsa a cikin kowane littafi, ba a cuci kowa ba.

Malam Ɗahiru ya buɗe baki zai yi magana. Shi ne babban ɗalibin Malam, mutumin Damagaram, shekara goma sha tara yana zaurenmu, shi ke ba da darasi tun da ciwo ya kwantar da Malam, kuma mabuɗin ɗakin littattafai a hannunsa yake. Yaya Barau ya ce masa baƙon da ke cin tuwon gida ba ya tsoma baki a gadon gida. Malam Ɗahiru ya sunkuyar da kai.

Ina zaune ina kallo aka kwance littafin nahawu. Baffa ya riƙa damƙa yana miƙawa kamar mai rabon goron ɗaurin aure. Abin da ya zo hannuna ya fara daga tsakiyar wata magana ya ƙare a tsakiyar wata. Na yi kuka, aka ce mata dama ba su iya ganin rabon gado ba sai sun yi kuka. Allah ya kawo waɗansu baƙi masu ta'aziyya daga Gagarawa, aka tashi, aka ce sauran goma sha ɗayan sai an dawo daga kasuwar Maigatari. Ka san inda littafin nahawun yake yau? Yaya Barau ya ba wani dillalin shanu falle uku don tubarraki, shi kuma ya kai aka ɗinke su cikin laya. Talatu ta shimfiɗa nata a ƙasan kwalla ta ɗora zannuwa a kai. Manu ya naɗe nasa ya cusa a jakar sirdi. Littafin da mutum ɗari suka koyi Larabci a cikinsa ke nan.

To, ga abin da na yi. Ranar Alhamis maza sun tafi Maigatari, ɗalibai kuma ba karatu, sun fita wanki bakin rijiya. Ɗakin littattafan yana da wata 'yar ƙofa ta cikin gida, wadda Malam ke bi, an rufe ta da tabarma, 'yan'uwana sun manta da ita. Da rana tsaka na shiga da ƙwarya, in sa littafi biyu in rufe da dusa, kamar mai kai wa awaki. Sawu shida na yi. Na hau rumbun zaure, na ɗage dammuna, na naɗe littattafan cikin tsofaffin buzaye na jera a ƙasa, na mayar da gero a kai. Ban gaya wa kowa ba. Wallahi a ranar ban yi tunanin kowa ba sai littattafan.

Da aka dawo aka ga ɗaki wayam, Yaya Barau ya ci kwalar Malam Ɗahiru a bakin zaure, ido na ganin ido, ya ce ya tsallakar da su Damagaram ya sayar. Kafin magariba duk gari ya ɗauka. Mutanen da Malam Ɗahiru ya yi wa 'ya'yansu huɗubar suna, ya wanke musu gawa, ba wanda ya ce a tsaya a bincika. Kashegari akusa suka fara ɗaukewa. Gida ya ce ba zai ciyar da ɓarayi ba, maƙwabcinsa ya bi. Kyauta baduku, wanda ko allurarsa albarkacin zaure ce, shi ke yawo kasuwa yana cewa dama shi bai taɓa yarda da baƙin hayin iyaka ba. Ɗalibai sittin da 'yan kai ne ranar da Malam ya rasu. Yau goma sha tara suka rage, su ma daga rumbun nan nake ciyar da su safe da yamma. Daminar bara ba ta yi kyau ba, rumbun bai cika ba, kullum in na ciro dami sai in ga geron ya ƙara sauka kusa da buzayen.

Aka kai magana gaban alƙali. Aka ce Malam Ɗahiru ya rantse bai ɗauka ba, kuma bai san inda suke ba. Ya ce zai rantse bai ɗauka ba, amma rabin na biyu ba zai rantse ba, kuma ba zai ƙara ko kalma ɗaya ba. Gari ya ce to ai ya amsa laifinsa. Ni kaɗai na san ma'anar maganar. Ranar da na kwashe littattafan dusa ta zube mini a bakin 'yar ƙofar nan, na manta ban share ba. Da na leƙa daga baya na tarar an share tas, ga sawun tsintsiya. Malam Ɗahiru ne ya fara shiga ɗakin. Ya gani, ya gane, ya share, sannan ya kira mutane. Alƙali ya ba da shi amana hannun liman zuwa kwana bakwai bayan babbar salla. In littattafai ba su fito ba, kuma bai faɗi inda suke ba, gidan yari za shi.

Har yau yana zama gindin tsamiya yana ba sha taran nan darasi da ka. Ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dubi wajen zana ba. In na aika masa da tuwo, kwano ya dawo da godiya, shi ke nan. Wannan shirun nasa ma haushi yake ba ni, Malam Mati, don ya fi zagi ciwo.

Haushin kowa nake ji. Ina jin haushin Baffa da ya mai da jahilci adalci. Ina jin haushin Yaya Barau da taurin kansa. Ba na musun cewa Malam ya cire shi daga karatu yana ɗan shekara goma sha biyar ya tura shi fatauci don gida ya ci, ba na kuma musun cewa shekarar yunwar Kakalaba shi ya riƙa shigo da hatsi a raƙuma har zaure bai rufe ba. Amma wannan ya ba shi ikon yayyaga ilimi? Na fi jin haushin garin nan marar kunya, da ya ci ya ƙoshi shekara arba'in, rana ɗaya ya juya baya. Har Malam, Allah ya jiƙansa, ina jin haushinsa a raina, mutumin da ya rubuta wa rabin gari wasiyya ya kasa rubuta layi biyu a kan littattafansa.

Yanzu in na fito da su, a tabarma za a baje su a damƙa-damƙa, zauren ya mutu, ni kuma a kira ni ɓarauniyar gidan ubanta. In na yi shiru, a ɗaure mutumin da bai ci ba bai sha ba. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, ina tsoron danshi, ina tsoron gara. Ni dai har yanzu ban ga laifina a kan ceton littattafan ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ka gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

'Yar Bayan Zana,
Gumel, watan Zulƙida, 1346.

Amsar Malam Mati

Malama 'Yar Bayan Zana, amincin Allah ya tabbata a gare ki, Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatun da ya bayar ya zame masa haske. Ban jira bugawa ba. Na rubuta amsar nan da hannu na ba falken da ya kawo taki, domin ta riske ki kafin salla. Abin da masu karatu ke gani yanzu ya fito ne bayan wa'adin ya wuce, kuma na sauya sunayen mutanenki.

Na fara da inda kike da gaskiya, don kina da ita. Littafin da aka raba falle-falle ya tashi daga littafi. Shari'a ba ta ce a raba abin da rabo ke lalata shi ba. Ba a yanka doki gida huɗu don magada huɗu ne. Ana ba mutum ɗaya shi ɗungum a daidaita wa saura da wani abu, ko a yi ƙuri'a. Wannan hukunci, ƙaramin ɗalibi ma a zaurenku ya san shi, kuma da Baffanku ya bari an kira malami, da magana ta ƙare kafin tuwo ya huce. Girman kai ne ya ja muku, ba wani abu ba. Fushinki a kan wannan yana kan hanya.

Amma kin ce in gaya miki gaskiya. Littattafan nan ba naki ba ne ke kaɗai. Haƙƙin mutum huɗu ne, kin ɗauke na uku ba da saninsu ba. Niyyarki kyakkyawa ce, aikin kuwa ba shi da wani suna sai wanda kike gudun a kira ki da shi. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne abin da ya biyo baya. Kin lissafa mini waɗanda suka kashe zaure: Baffa, Yayanki, baduku, gari. Kin tsallake mutum ɗaya. Ranar da aka raba littafin nahawu ɗalibai sittin suna nan, akusa suna zuwa. Sun watse ne ranar da sunan sata ya hau kan wanda zai gaji buzun Malam, ke kuwa kina bayan zana kina ji, kika yi shiru.

Mutanen garinku sun yi gaggawa, sun kuma yi rashin kara ga baƙon da ya yi musu hidima shekara goma sha tara. Ba na wanke su. Amma ki tuna gidajen nan sun yi shekara arba'in suna rage tuwon 'ya'yansu suna aika wa mutumin da ba danginsu ba. Ba wanda ya tilasta musu. Yarda ce ta sa, sun yarda cewa a zauren nan ba a ƙarya ba a cin amana. Ita ce ainihin jarin makarantar, ta fi fallayen tsada. Makaranta irin taku da garinta kowane yana ciyar da ɗaya, kuma in yardar ta karye babu littafin da zai ɗinke ta. Su abin da aka nuna musu suka gani. Ke kaɗai kike da ikon nuna musu wani abu daban.

Yayanki kuma ki sake karanta abin da kika rubuta a kansa. Yaro ne aka ɗauke daga gaban allo aka tura bayan shanu, ya yi ta ciyar da baƙi suna zaune gaban ubansa suna kwasar abin da shi aka hana shi. Ke kin sami muryar Malam ta bayan zana, shi ko wannan bai samu ba. Yau yana son ya riƙe wani abu na hannun ubansa ya ce nasa ne. Hanyar da ya bi ba daidai ba ce, cin kwalar malami kuma babban laifi ne da zai nemi gafara a kansa. Amma ba maƙiyin ilimi ba ne. In kika je masa da wannan fahimtar, za ki same shi da sauƙi fiye da yadda kike zato.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Ranar da takardar nan ta iske ki, ki hau rumbun ki sauko da su. Kada ki jira gobe, gara ba ta jiran shawara. Ki buɗe su a inuwa su sha iska, ki duba kowane ɗaya. Kada ki kai su wurin Yayanki ko Baffa, don fushin farko zai iya sa a baje su a tabarma. Ki sami dattijuwar da liman ke jin nauyinta ta raka ki gidansa, ki faɗa masa komai da bakinki, ki damƙa masa su amana, shi ya kai wa alƙali. Da zarar sun shiga hannun shari'a ba mai sake raba su da damƙa, domin alƙali ya san hukuncin da na faɗa miki. Abin da kika ɓoye su dominsa, ta wannan hanyar za ki same shi, ba ta rumbu ba.

A wurin rabon ki roƙi abu biyu. Kowa ya sami littafi cikakke da sunansa a kai, babban na fiƙihun kuwa ki fara cewa a bar wa Yayanki, kada ki jira ƙuri'a. Sannan ki roƙi a bar su duka a ɗakin zaure aro, har ɗalibai su kwafe kowane ɗaya tare da jan rubutun gefensa. Ke ce za ki duba musu inda hannun Malam ya shige musu duhu. Naki rabon ki ba da shi wakafi a gaban shaidu, ki ga ko Talatu da Manu ba za su ji kunya su bi ba. Takarda da tawada kuwa liman ya nema daga gidajen da suka janye akusansu. Mutum in ya gane ya zalunci wani yakan so a ba shi hanyar gyarawa, to ku ba su. Fallayen nahawu ma a bi su gida-gida tun ba su yi nisa ba. Abin da ya shiga laya ya tafi, amma wanda ya karantar da littafin shekaru zai iya cike gurbin da ka.

Wanda zai cike gurbin kuwa shi ne mutumin da ke hannun liman. Nan ne aikin da ya fi miki wuya. A bainar jama'a aka kira shi ɓarawo, a bainar jama'a za a wanke shi, ranar Juma'a a ƙofar masallaci, kuma da sunan wadda ta ɗauka. Ba za a ce an tsinci littattafai ba, ba za a ce aljanu sun mayar ba. Za a ce ke ce. Mata za su yi da ke a bakin rijiya, baduku zai sami sabon labarin kaiwa kasuwa, wataƙila Yayanki ya yi wata uku bai amsa gaisuwarki ba. Ba zan ce miki ba za ki ji ciwo ba. Za ki ji, kuma zai wuce.

Ki kuma shirya wa wannan: mai yiwuwa bayan an wanke shi ya ɗaure kayansa ya koma Damagaram, kuma ba mai ganin laifinsa. Saboda haka kada ki aika kowa. Ki tsaya bayan zanar da kanki, liman yana wurin, ki nemi gafararsa, ki roƙe shi ya zauna. In ya tafi, za ki tashi da littafi goma sha ɗaya lafiyayyu da zaure uku babu kowa a ciki.

Kin ce shirunsa ya fi zagi ciwo. Ba don ya hukunta ki yake yi ba. Ya ƙi rantsuwar ƙarya don tsoron Allah, ya ƙi faɗin sunanki don kunyar malaminsa, ya zaɓi gidan yari a tsakanin biyun. Irin mutumin da mahaifinki ya yi shekara arba'in da biyu yana ƙoƙarin fitarwa ke nan, kuma ya fitar. Ya yi fiye da wata guda yana shiru dominki. Ke yini ɗaya ake nema ki yi magana dominsa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sassauta miki harsunan mutane, ya haɗa kanku ke da 'yan'uwanki, ya kuma sa a daɗe ana jin karatu a unguwarku.

Naki mai fatan alheri,
Malam Mati.